Wane makirufo kwamfuta ke saurare? Nazarin naɗin tafsiri a wani masallacin ƙauye a Jigawa

Masallacin Juma'a ne a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Duk azumi ana tafsiri bayan la'asar, kimanin awa ɗaya da rabi, alaramma yana jan baƙi, malam yana fassara. Kwamitin masallaci ya yanke shawarar a riƙa naɗar karatun, a tura wa 'yan garin da ke ci-rani a Kano da Abuja da Legas ta WhatsApp, a kuma zuba wa matan gida a memori. Aka damƙa aikin a hannun matasa biyu da suka iya kwamfuta daidai gwargwado.

Kayan da ke ƙasa ba su da laifi. Akwai amfilifaya mai tura sauti zuwa lasifikokin da ke kan hasumiya da kuma akwati biyu na cikin masallaci. Akwai makirufo biyu masu waya, irin waɗanda ba sa buƙatar batir, ɗaya na malam ɗaya na alaramma. Kwamfutar laftof ce ta hannu mai Windows 10, an saka mata manhajar Audacity, wadda kyauta ce. Wuta kuwa daga inji take zuwa, wani lokaci daga batirin sola ta inbata. Da waɗannan kaya ana iya samun naɗi tas. Amma sai da aka lalata karatun kwanaki da dama kafin a samu, kuma kusan duk ɓarnar daga abu ɗaya ta taso: kwamfutar tana ɗaukar sauti daga wata na'ura daban da wadda matasan suke zato.

Da yake kwamfutocin da ke hannun mutane da Turanci suke, za a kawo sunayen wuraren dannawa kamar yadda suke a allo.

Kwanakin farko: waya tana jone, amma ba ta aiki

Matasan sun samo waya mai babban kai a gefe ɗaya, suka soka a ramin Line Out, wato na fitar sauti, da ke bayan amfilifaya. Ɗaya gefen ƙaramin kai ne mai kaurin milimita 3.5, suka soka a rami ɗaya tilo da laftof ɗin ke da shi. Suka danna jan maɓallin naɗi, ma'aunin sauti ya fara tsalle da kore, hankalinsu ya kwanta.

Da aka saurara da dare, muryar malam tana can nesa, amsa-kuwwa ta cika ta. Ƙarar fanka tana gaba. Raɗar da matasan ke yi wa juna ta fi karatun fitowa. In alaramma ya ja madda mai tsawo, sai sautin ya riƙa shaƙewa yana dawowa.

Dalilin yana jikin ramin. Laftof na yanzu rami ɗaya ake yi musu wanda ya haɗa aikin iyafis da na makirufo. Wannan rami yana jiran kai mai baƙin zobe 3, wato mai sassa 4: tsinin kai na kunnen hagu, na biye na kunnen dama, na uku na wayar ƙasa, wato ground, na huɗu da ke gindi shi ne na makirufo. Kan wayar da matasan suka kawo zobe 2 gare shi, sassa 3, ba shi da sashen makirufo sam. Da aka soka shi, kwamfutar ta ɗauka iyafis aka jona mata, ta kashe lasifikarta, ta ci gaba da sauraro ta ƙananan makirufon da ke saman allo kusa da kyamara. Windows yana kiran su Microphone Array. Su ne suka ɗauki fanka da raɗa. Shaƙewar madda kuwa aikin manhajar rage hayaniya ce da ake haɗawa da waɗannan makirufo don hirar bidiyo: duk sautin da ya daɗe bai canza ba, tana iya ɗaukarsa hayaniya ta danne shi.

Abin da ya ruɗi matasan shi ne motsin ma'auni. A cikin masallaci mai lasifika, kowane makirufo da ke ɗakin zai ji malam, don haka ma'aunin zai motsa ko da wayar ba ta jone da komai. Motsin ma'auni yana nuna cewa akwai sautin da ke shiga, bai faɗi ta inda yake shiga ba. Gwajin da ke raba gardama ba ya cin ko minti ɗaya. A rage sautin lasifikokin ciki, a bar naɗi yana tafiya, mutum ɗaya ya ƙwanƙwasa makirufon malam da yatsa sau 3, a dakata, sannan a kankari gefen kyamarar laftof da farce sau 3. Inda ma'auni ya fi zabura, nan kwamfuta ke sauraro. A wannan masallaci, farce ne ya sa shi tsalle har ja.

Akwai kuskuren da matasan ba su yi ba, amma ya kamata a faɗe shi domin an sha yin sa: ɗauko sauti daga inda ake ɗaura wayoyin lasifika. Wuraren da aka rubuta 70V ko 100V, ko 4 da 8 da 16 na om, wuta ce mai ƙarfi ke fita daga gare su. Tana iya ƙona sashen sauti na kwamfuta nan take, ta kuma ja mutum. Sautin naɗi daga Line Out ake ɗaukarsa, ko Preamp Out, ko Rec Out, ba daga wani wuri ba.

An sayo katin sauti, an gudu ba a tsira ba

Wani da ya shiga Kano ya sayo musu ƙaramin katin sauti na USB, irin mai rami biyu, kore na iyafis, ja na makirufo. Shawarar tana da ma'ana, domin yanzu kwamfutar ta samu ƙofar shigar sauti ta biyu. Amma matsala biyu suka biyo baya a jere.

Ta farko, sunan katin bai fito a Audacity ba. Manhajar tana karanta jerin na'urorin sauti ne a lokacin da aka buɗe ta. In aka soka kati bayan ta riga ta buɗe, ba za ta gan shi ba sai an danna Rescan Audio Devices, wanda ke ƙarƙashin Transport, a sababbin zubi kuma yana cikin Audio Setup. Matasan sun buɗe manhajar tun kafin sallah, suka soka katin daga baya, aka sake naɗar kwana guda da makirufon saman allo. Ƙa'idar ita ce kati ya fara shiga, a jira daƙiƙa goma Windows ya gane shi, sannan a buɗe manhaja.

Ta biyu ta fi wuya. Da aka zaɓi katin, muryar malam ta matso kusa, fanka ta ɓace, amma sautin ya fito a farfashe, yana karce kunne. A allon Audacity, zanen sautin ya zama shafaffen gini mai lebur sama da ƙasa. Suka rage Levels, wato saitin ƙarfin makirufo a Windows, daga 100 zuwa 20, ginin ya gajarta amma samansa na nan lebur, farfashewar ba ta tafi ba.

Jan ramin katin an yi shi ne don ƙaramin makirufo, wanda ke ba da 'yan kaso kaɗan cikin dubu na bolt ɗaya, abin da ake aunawa da milibolt. Line Out na amfilifaya kuwa yana iya kaiwa bolt ɗaya cur, wato ninki ɗari ko fiye. Kamar a tara kofin shayi ne a bakin bututun injin ban-ruwa. Sautin yana fashewa tun a ƙofar katin, kafin ya zama lambobi ya isa Windows, don haka rage shi a cikin kwamfuta rage girman abin da ya riga ya lalace ne kawai.

Mafita biyu ce. Mai araha ita ce a kai wayar wurin mai gyaran rediyo ya saka mata resista biyu da dalma: mai om 10,000 a kan hanyar sautin, mai om 100 tsakanin hanyar sautin da wayar ƙasa, a ɓangaren da ke kallon katin. Wannan haɗi yana rage ƙarfin kusan sau 100, wato desibel 40, bolt ɗaya ya koma milibolt 10. Yana aiki, sai dai ƙananan katunan nan suna da tasu shuwar da ake ji a ƙarƙashin murya. Mafita ta biyu, wadda ta fi dacewa da aikin da za a ajiye shekaru ana saurare, ita ce kati mai Line In na gaske, mai ramuka biyu fari da ja irin na bayan talabijin. Behringer UCA202 misali ne sananne, akwai kuma ire-irensa a wuraren masu kayan sauti a Sabon Gari. Kwamitin ya amince da na biyun.

Wannan kati yana da hali biyu da ya kamata a sani. Windows yana nuna shi da sunan Microphone tare da USB Audio CODEC, alhali ba makirufo ba ne, kuma saboda wannan zato yana iya ƙara masa ƙarfin da ba ya buƙata. A shafin Levels, in aka danna dama a kan abin ja, za a ga zaɓin mayar da lissafin daga kaso zuwa desibel. A mayar, a ja shi zuwa kusa da 0.0, sannan a daidaita sauran ƙarfin daga amfilifaya. Hali na biyu: ƙofa biyu gare shi, hagu da dama, ita kuwa amfilifayar masallaci fita ɗaya gare ta. In aka jona hagu kaɗai aka ce wa Audacity ta naɗi layi ɗaya, sau da yawa Windows yana gauraya hagu mai sauti da dama mara komai, sai sautin ya rabe biyu, ya riƙa fashewa a rabin ma'auni ba tare da ya taɓa ja ba. Maganinsa waya mai reshe biyu, wadda za ta kai sautin guda ga farin rami da jan rami tare.

Inda gizo ke saƙar: kalmar Default

Bayan an samu kwana biyu ana naɗi mai kyau, sai aka ƙara aiki. 'Yan ci-rani suka nemi a riƙa watsa karatun kai tsaye a Facebook daga laftof ɗin, ta Chrome. A ranar ne ɗaya daga cikin matasan ya haɗa iyafis ɗinsa na Bluetooth da kwamfutar don ya riƙa jin yadda sautin ke fita. Daga tsakiyar karatun, naɗin ya koma kamar kiran waya, siriri, da numfashin yaron a ciki. Masu kallo suka fara rubuto cewa ba sa jin malam.

Don a fahimci wannan, sai an san cewa zaɓin na'urar shigar sauti a hawa uku yake. Hawa na ƙasa shi ne waya da rami, wanda aka riga aka gyara. Na tsakiya shi ne zaɓin Windows. Na sama shi ne zaɓin kowace manhaja da kanta. Kowane hawa yana iya saɓa wa ɗan'uwansa.

A hawa na tsakiya, Windows ba zaɓi ɗaya yake riƙewa ba, biyu ne. Akwai Default Device, na aikin yau da kullum, akwai Default Communication Device, na kira da taron bidiyo. Sabon shafin Settings, ƙarƙashin System da Sound, yana nuna akwatin zaɓi ɗaya ne a sashen Input, a Windows 10 an rubuta Choose your input device, a Windows 11 an rubuta Choose a device for speaking or recording. Wanda ya tsaya a nan ba zai ga bambancin ba. Tsohon shafin ne ke nuna komai. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta mmsys.cpl, a shiga Recording. Na'urar da ke da koren alamar maki ita ce ta yau da kullum, mai koren kan tarho ita ce ta kira.

Waɗannan zaɓi biyu ba a kafe suke ba. In sabuwar na'ura ta shigo, ko iyafis na Bluetooth, ko kyamarar USB mai makirufo a jikinta, Windows yana sake lissafi, kuma sau da yawa yana miƙa wa baƙon kujerar. Duk manhajar da aka bar ta a kan Default za ta bi shi. A Audacity, wannan zaɓi yana ɓoye a ƙarƙashin wani suna: in Host, wato hanyar da manhajar ke karɓar sauti daga Windows, yana kan MME, ana kiransa Microsoft Sound Mapper - Input, in yana kan Windows DirectSound, ana kiransa Primary Sound Capture Driver. Dukansu ba na'urori ba ne, ma'anarsu ita ce "bi duk abin da Windows ya zaɓa". A kan na farkon aka bar naɗin masallacin, shi ma Chrome a kan Default yake. Da iyafis ya shigo, suka juya gare shi tare.

Sirancewar sautin kuma halin Bluetooth ne. Da zarar an buɗe makirufon iyafis, haɗin yana sauka zuwa tsarin kiran waya, wanda ke ɗaukar samfurin sauti 8,000 ko 16,000 a daƙiƙa, maimakon 44,100 ko 48,000 na naɗin kirki. Haruffa irin su sin da sad da shin a saman sauti suke zaune, su ne farkon abin da ke dushewa. Ga karatun Alƙur'ani wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Ga yadda aka kafe abin, kuma jerin yana da muhimmanci.

A shafin Recording na mmsys.cpl, aka danna katin sau biyu, a General aka goge sunan Microphone aka rubuta MASALLACI. Wannan ƙaramin aiki ya fi yadda ake zato amfani, domin MME yana yanke sunaye a harafi 31, kuma in na'urori uku duk sun fara da Microphone, wanda ke sauri zai danna wanda ba shi ba. Aka danna dama a kansa aka mai da shi Default Device, aka sake dannawa aka mai da shi Default Communication Device. Sannan aka danna dama a kan Microphone Array aka zaɓi Disable, haka ma makirufon iyafis da ke fitowa da sunan Headset. Ba a goge su ba, in an buƙace su wata rana sai a danna dama a fili, a zaɓi Show Disabled Devices, a dawo da su.

Kashe makirufon saman allo shi ne mataki mafi nauyi a ganinmu, kuma mutane da yawa suna ƙin yin sa don tsoron kada naɗi ya tsaya. Ai tsayawar ake so. In wani ya taka waya katin ya zare, kwamfutar da ke da makirufo na biyu tana iya komawa kansa shiru, a ci gaba da naɗar fanka har a shafa fatiha ba wanda ya sani. Wadda ba ta da na biyu kuwa za ta tsaya ko ta nuna saƙon kuskure, a gani a gyara cikin minti ɗaya. Asarar minti ɗaya da aka sani ta fi asarar awa guda da ba a sani ba.

A shafin Advanced na katin, aka zaɓi layi 2, bit 16, 48000 Hz, aka kuma saita Audacity a kan 48000 don kada a riƙa juya sautin tsakanin ma'auni biyu. A nan ne kuma aka cire alamar da ke kan Allow applications to take exclusive control of this device, saboda manhaja biyu za su sha daga kati ɗaya, kuma in ɗaya ta riƙe shi ita kaɗai, ɗayar za ta ce na'ura ba ta samuwa. In akwai zaɓin Enhancements ko Audio enhancements, a kashe shi. Shafin Listen kuwa a bar shi a kashe a cikin masallaci, in ba haka ba sautin zai fita ta lasifikar laftof da ɗan jinkiri ya dami sahun gaba. Mai son jin abin da ke shiga ya soka iyafis mai waya a ramin da ke jikin katin.

Sai hawa na sama. A Audacity, Audio Setup, Recording Device, aka zaɓi MASALLACI da sunansa. A Chrome, aka rubuta chrome://settings/content/microphone a wurin adireshi, aka zaɓe shi a can, sannan aka sake zaɓarsa a shafin watsa shiri na Facebook, domin shafin yana da nasa akwatin makirufo. Masu amfani da manhajar watsa shiri ta OBS su duba Settings, Audio, Mic/Auxiliary Audio, shi ma a kan Default yake zuwa.

Saura abu ɗaya da ke warware duk wannan aiki: canza ramin USB. Katunan da ba su da lambar shaida ta kansu, in aka soka su a wani rami, Windows yana iya ɗaukarsu sabuwar na'ura, ya sa musu 2- a gaban suna, ya mayar da Levels da sauran saiti yadda suka zo. Sunan MASALLACI ya ɓace, manhaja ta rasa abin da aka ce ta bi. Don haka aka ɗiga jan fenti a gefen rami ɗaya, aka kuma ɗaure wayar katin da salatif a jikin tebur.

Abubuwan da suka yi kama da matsalar zaɓi, amma ba ita ba ce

Wata rana Audacity ta ƙi naɗi gaba ɗaya, ta nuna Error opening recording device, alhali katin yana nan da sunansa. Wani ne ya ari kwamfutar ya taɓa Privacy. Tun sabuntawar Windows 10 ta watan Afrilun 2018, in aka kashe izinin makirufo a Settings, Privacy, Microphone, manyan manhajoji irin su Audacity ma suna rasa hanya. A tabbata izinin na'urar yana kunne, haka ma layin da ke ƙasa na desktop apps.

Sai gurnanin da ke bin naɗin duk ranar da ake kan inji. Wannan ba ruwansa da Windows. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma in amfilifaya da cajar laftof suna kan soket daban-daban, ɗan bambancin da ke tsakanin ƙasarsu yana bi ta wayar sauti ya zama gurnani. Gane shi ba wuya: a zare caja ana cikin naɗi. In gurnanin ya ɗauke, an kama shi. Aka mayar da caja da amfilifaya kan ekstenshan ɗaya, ya ragu. A ranakun inbata kuwa wata ƙara ce mai kaifi ke shiga, domin ƙananan inbata da yawa ba sa fitar da wuta mai santsi. Da batirin laftof ɗin yana kai awa biyu, da naɗi a kan batir ya wadatar. Nasu ba ya kaiwa, don haka aka saka ƙaramar na'urar raba ƙasa mai taransifoma a tsakiyar wayar sauti, irin wadda masu haɗa rediyon mota ke sayarwa. Kada a karya ƙafar ƙasa ta filogi don kashe gurnani. Ita ce ke kare mai riƙe da makirufon ƙarfe in wuta ta zube a jikin amfilifaya.

A Power Options kuma aka hana kwamfutar barci, aka kashe USB selective suspend, don kada ta yanke wa katin wuta da sunan tattalin batir.

Wanda ke da wata kwamfuta daban, hawa ukun nan ba sa canzawa, sunaye ne kawai ke canzawa. A Ubuntu, zaɓin yana Settings, Sound, Input, amma manhajar pavucontrol ta fi bayyana komai: shafin Input Devices yana nuna na'urori, shafin Recording yana nuna wace manhaja ke sha daga wace na'ura a wannan lokaci. A guji duk sunan da ya fara da Monitor of, domin wannan sautin da kwamfuta ke fitarwa ne, kamar Stereo Mix a Windows. A Mac, yana System Settings, Sound, Input.

Tsarin da aka tsaya a kai

Aka rubuta matakan a takarda aka liƙa a murfin laftof, saboda ba kullum matasan biyu ke nan ba. Minti 10 kafin a tayar da la'asar ake farawa: a kunna amfilifaya, a soka kati a rami mai jan fenti, a kashe Bluetooth, a buɗe Audacity, a karanta sunan MASALLACI da ido a Recording Device, a yi gwajin ƙwanƙwasa a makirufon malam da na alaramma, a naɗi daƙiƙa 20 a saurara da iyafis mai waya. Sauraron nan ba a tsallake shi, domin shi kaɗai ke kama farfashewa da gurnani.

Wajen daidaita ƙarfi, da muryar alaramma ake aunawa, ba da ta malam ba, domin shi ne ke ɗaga murya. Akan ce masa, "Allah gafarta Malam, a ɗan ja mana aya ɗaya yadda za a ja a karatu." A saita har ƙololuwar sautinsa ta tsaya tsakanin -12 da -6 a ma'auni. In muryar malam ta yi ƙasa, a ƙara ta daga maɓallin makirufonsa a amfilifaya, ba daga kwamfuta ba. Ya kamata kuma a gwada ko Line Out ɗin yana bin babban maɓallin ƙara sauti, domin a wasu amfilifayoyin yana bi. In yana bi, duk sanda ladan ya murɗa don mutanen waje su ji, naɗin ma zai tashi, sai a bar masa sarari a tsaya kusa da -12.

Bayan an tashi, ana fara ajiye asalin naɗin. Sauti mai layi ɗaya a 48000 da bit 16 yana cin kusan megabait 345 a awa, karatun awa ɗaya da rabi ya haura 500. Na turawa kuwa ana fitar da shi MP3 mai layi ɗaya a kilobit 64 a daƙiƙa, wanda ke ba da kusan megabait 29 a awa, wato kimanin 43 a kowane zama. Wannan ya ishi murya, kuma wanda ke sayen data kaɗan-kaɗan zai iya saukewa.

Karatun kwanakin da suka lalace bai gyaru ba. Noise Reduction na Audacity ya rage fanka a naɗin farko, amma ba ya cire amsa-kuwwa, ba ya mayar da sautin da ya fashe, ba ya kuma dawo da saman muryar da Bluetooth ya yanke. An samu cike gurbin kwana ɗaya daga wayar wani ɗalibi da ya ajiye ta kusa da malam. Daga nan kwamitin ya mai da hakan doka: waya ɗaya a yanayin jirgin sama, a kan rehal, wato abin ɗora Alƙur'ani, taku ɗaya daga bakin malam, tana naɗi daga farkon zama zuwa ƙarshe, kuma ba a goge nata sai an saurari na kwamfuta a wurare uku, farko da tsakiya da ƙarshe.